Jar Dara da Malafar Bature: Hulunan Soja a Tarihin Zangunan Ankara

Gabatarwa

A Ingila da Amurka da Jamus akwai mutanen da suka ɗauki tara tsofaffin hulunan soja abin sha'awa, wasu ma sana'a. Suna bin kasuwannin gwanjo, suna wallafa littattafai masu hotuna, suna kwana gardama a kan layin ɗinki ɗaya ko tambarin wata masana'anta da ta daɗe da rufewa. Cikin kayan zamanin mulkin mallaka, abin da suka fi ɗoki a kai shi ne malafar nan mai tudun ƙoƙuwa da faɗin baki, wadda Turawa ke kifawa a ka don tsoron rana. A babban birnin Ghana kuwa, wanda Hausawa suka saba kira Ankara, akwai unguwanni irin su Nima da Mamobi da Sabon Zango da Tudu, inda gidaje da dama ke da kaka ko kakan kaka da ya yi soja. Hoton tsohon yana nan a bango ko a ƙasan adaka, wani lokaci tare da minda da takardar sallama, wani lokaci kuma, in an yi sa'a, har da hula.

Manufar wannan muƙala ita ce ta nuna wa ɗalibi yadda ake gane irin waɗannan huluna da tarihin da ke tattare da su. A sojan mulkin mallaka, mutum ba ya zaɓen abin da zai sa a kansa. Doka ce ke rabon huluna, kuma ta fara duba launin fata kafin ta dubi muƙami. Saboda haka tambayar farko da manazarci zai yi game da tsohuwar hula ita ce: wa aka yarda ya sa ta? Sai an amsa wannan ne binciken yadi da ƙarfe da tambari ke yin amfani.

Yadda Hausawa suka shiga soja a Gwalkwas

Tushen labarin yana Ikko. A shekarar 1863 wani hafsan sojan ruwa na Ingila, John Hawley Glover, wanda ke riƙe da mulkin Ikko a lokacin, ya haɗa 'yar ƙaramar runduna ta masu jin Hausa, yawancinsu bayi ne da suka tsere wa iyayengijinsu a ƙasar Yarbawa. Aka riƙa kiransu Hausawan Glover. Bayan shekara goma, da yaƙi ya ɓarke tsakanin Ingilishi da Tonawa, wato Asante, sai aka turo Glover ya tara mayaƙa a Ankara da bakin kogin Volta, yayin da babbar runduna ƙarƙashin Janar Garnet Wolseley ta nufi Kumasi daga Cape Coast. Wolseley ya shiga Kumasi ranar 4 ga Fabrairu 1874, ya cinna mata wuta, ya juya. Glover da mutanensa suka iso ta gabas bayan 'yan kwanaki. Mai karatu ya riƙe sunan Wolseley, domin za mu sake gamuwa da shi a jikin hula.

A 1879 aka kafa wa Gwalkwas, wato Ghana ta yau, rundunarta ta kanta daga waɗannan Hausawa. Su aka yi amfani da su a fitar 1896 da aka kama Sarki Prempeh na Ɗaya, da yaƙin Yaa Asantewaa na 1900. A 1901 aka mayar da su Rundunar Gwalkwas, reshe na babbar rundunar tsaron iyakokin Afirka ta Yamma, wadda haruffan sunanta su ne W.A.F.F. A 1928 Sarkin Ingila ya ƙara mata laƙabin sarauta, haruffan suka koma R.W.A.F.F.

Ya kamata ɗalibin Hausa ya lura da cewa kalmar "Hausa" a bakin Turawan bariki ta fi ƙabila faɗi. Duk wanda ya fito daga arewa, ko yake salla, ko yake iya karɓar umarni da Hausa, Bahaushe ne a rajistarsu. A cikin rundunar akwai Gurunsawa da Mosawa da Dagombawa da Zabarmawa da Fulani da Barebari da Yarbawa. Akawun bariki kan rubuta sunan mutum na yanka, ya liƙa masa sunan ƙabilarsa ko garinsa a matsayin suna na biyu. Misalin da ya fi shahara shi ne Alhaji Grunshi, wanda ake cewa shi ne sojan farko a ɓangaren Ingila da ya harba bindiga a Yaƙin Duniya na Ɗaya, lokacin da aka shiga Togo ta Jamusawa a watan Agusta 1914. Hausa ce harshen fareti da na umarni, kuma daga nan ne aka sami nau'in Hausar da masana ke kira Barikanci. Har taken rundunar ma da Hausa aka yi shi: "Kullum Shiri". Mutanen bakin teku kuwa nasu sunan suka raɗa wa 'yan sandan da suka fito daga wannan tushe, shi ma da Hausa: buga-buga. Sunan ya isa ya nuna irin kallon da aka yi musu, kuma bai kamata mai rubuta tarihin Zango ya ɓoye wannan ba.

Soja idan ya gama wa'adinsa ba lalle ne ya koma gida ba, musamman wanda bauta ce ta raba shi da gida tun farko. Da yawa sun zauna a Ankara, wadda ta zama hedikwatar mulki a 1877, suka haɗu da fatake da malamai da mahauta a tsohon Zango da Tudu. Malam Bako, ɗan Malam Nenu, ya kafa Sabon Zango 'yan shekaru kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya. Nima ta zo daga baya, a farkon shekarun 1930, lokacin da Malam Amadu Futa ya sami izinin zama daga iyalin Odoi Kwao na Osu. Yaƙin Duniya na Biyu ne ya cika ta da mutane: sansanonin sojan Ingila da na Amurka da ke kusa da filin jirgin sama sun jawo kuku da boyi da lebura da mai wanki, sa'an nan da aka sallami sojoji bayan 1945, 'yan arewa da yawa suka sauke kayansu a Nima da Mamobi.

Jar dara

Hular da aka san waɗannan sojoji da ita ita ce jar dara. Abin sha'awa game da ita shi ne sau biyu ta iso wa Bahaushe, ta hanyoyi biyu da ba su haɗu ba. Zuwan farko ta Sahara ne. Jajayen huluna na ulu da ake yi a Tunis suna cikin hajar da ayarin Gadamas da Gat ke saukewa a Kano, malamai da sarakuna suna naɗa rawani a kansu tun kafin a ga Bature. Zuwa na biyu ta teku ne. Faransawa sun kafa rundunar Zuwaf a Aljeriya a farkon shekarun 1830, da jar hula da 'yar shara da buje. Shigar ta burge Sarauniya Victoria, har a 1858 aka ɗora ta wa rundunar baƙaƙen fata ta tsibiran Karibiyan, wadda ta yi aiki a Saliyo da Gwalkwas, ta kuma yi yaƙin Kumasi na 1874. Daga wannan samfuri aka yanka wa sojan Afirka ta Yamma kayansa. Na farko shuɗaye ne da jar dara. Daga baya kayan fareti suka tsaya a kan gajeren wandon kaki, da 'yar shara ja mai rawayen baki, da jar ɗamara, da jar dara mai tuntu. Masu igwa su 'yar shararsu shuɗiya ce. Saje da samanja ana gane su da adon rawayen zare a gaban riga. Ƙafa kuwa, har zuwa gab da Yaƙin Duniya na Biyu, yawancinsu ba takalmi suke fareti.

Dara ta dace da Musulmi ta fuska ɗaya: ba ta da baki, goshi yana kaiwa ƙasa ba tare da an cire ta ba. Wannan yana cikin dalilan da suka sa ta karɓu a daular Usmaniyya bayan Sultan Mahmud na Biyu ya wajabta ta a ƙarshen shekarun 1820. Hausawa ma da wannan ma'aunin suka auna hula mai baki da ta zo daga baya, suka kira ta hana-salla. Wani abin dariya a nan: a 1925, majalisar Ankara ta Turkiyya ta haramta dara, ita kuwa Ankara tamu tana tsakiyar fareti da ita.

Wajen tantancewa, darar soja da ta farar hula kusan ɗaya suke, domin masana'antun Turai, musamman na garin Strakonice a ƙasar Cek ta yanzu, sun cika kasuwannin Afirka da ita. Abin da ke rarrabe su shi ne alamar tagulla da ake maƙalawa a gaba: bishiyar kwakwar manja a kan tudu, da haruffan runduna a ƙasanta. Haruffa huɗu na nufin kafin 1928, biyar kuma daga 1928 zuwa 1957, shekarar da Ghana ta janye sojanta daga rundunar. Idan alamar ta ɓata, a duba gaban hular ko akwai huda biyu inda ƙafafun alamar suka ratsa, da kuma inuwar wurin da rana ba ta ci ba. A yi hattara da alamar da ta fito sumul a baya kamar an zuba ta a ƙasa, domin maƙeran zamani suna zuba irinta don masu yawon buɗe ido. Kama da wane ba ta wane.

Dara hular fareti da gadi ce. A fagen daga jan launi kiran harsashi ne, don haka a yaƙin Togo da Kamaru da Afirka ta Gabas, tsakanin 1914 da 1918, sojan Gwalkwas ya fi sa wata 'yar koriyar hular ulu mai zagaye, marar baki, da ɗan tuntu a tsaka, wadda ke ɗauke da sunan garin Kilmarnock na Sikotilan. Ita ce ta fi kowace wuyar samu a yau. Ulu ce, asu na son ta, kuma ba ta da kwarjinin da zai sa a adana ta.

Malafar Bature

Hausa na da malafa tun asali, ta kaba, wadda makiyaya da fatake ke sawa, har masu sarauta kan ɗora ta bisa rawani. Tana kuma da kwalkwali na 'yan lifida. Hular ranar Turawa ta ɗebo daga kowanne: inuwa irin ta malafa, siffa irin ta kwalkwali. A nan za mu kira ta malafar Bature.

A Indiya ta girma. Akwai wani tsiron fadama a Bengal mai suna shola, wanda cikinsa fari ne fat, marar nauyi, kamar totuwar kara. Ana fere shi falle-falle, a liƙa bisa ƙwarya, a rufe da yadi. Masu yin huluna a Landan suka kwaikwayi dabarar da wani abu da ya fi jure ruwa, wato ɓawon itacen nan da ake toshe bakin kwalba da shi, wanda ake ɓarowa a Fotugal da Sifen. Kamfanin Ellwood ya yi rajistar wata mai ɗakin iska tsakanin ɓawo da kai a 1851. Sojojin Wolseley da malafar ɓawo suka shiga dajin Asante, kuma a 1877 aka mayar da irinta hular doka ga sojan Ingila da ke aiki a ƙasashen zafi. Wannan ta farko doguwa ce, bakinta a tsuke, yana sauka kusan tsaye a gaba da baya. Fara ce, shi ya sa a yaƙin Zulu na 1879 sojoji suka riƙa rina ta da ruwan shayi don kada a hango su. Daga farkon shekarun 1900 aka sauya ta da wata mai faɗin baki, mai ɗan tsini a gaba, mai shimfiɗa a baya har ta rufe ƙeya, aka sa mata sunan Wolseley. Wato hular da Disi da hafsan bariki suka yi shekara arba'in suna yawo da ita a Kumasi tana ɗauke da sunan mutumin da ya ƙone garin.

Me ya sa Bature ya riƙe ta haka? Likitocin zamanin sun yi imani da cewa hasken rana a ƙasashen zafi yana ɗauke da wani kaifi da ke ratsa ƙoƙon kan farar fata ya taɓa ƙwaƙwalwa da laka. Har wani ƙyalle mai kauri suke maƙalawa a bayan riga don kare gadon baya. Fita da rana ba malafa laifi ne ga sojan Bature. Baƙar fata kuwa aka ce halittarsa ta ishe shi kariya, sai aka bar shi da dara, wadda ba ta yi wa ido inuwa ko kaɗan. A ganina nan ne malafar ta tashi daga kayan kariya ta zama alamar mulki: duk wanda ya hango jerin gwanon soja daga nesa ya san mai ba da umarni tun kafin ya ga fuska. Sai a 1942 aka sami ɗan ƙasa na farko, Seth Anthony, da ya zama cikakken hafsa daidai da Bature.

Ba wanda ya fahimci wannan kamar baƙin da suka zo ci-rani Ankara daga Nijar. A 1954 Jean Rouch, Bafaranshe mai nazarin al'adu, ya ɗauki fim ɗin Les Maîtres fous a kan wasu Zabarmawa da maƙwabtansu, lebura da 'yan dako da masu tura kura a kasuwannin birnin, mabiya wani nau'in bori da ake kira Hauka. Kalmar Hausa ce. Abin ya ɓullo ne a yankin Filinge wajen 1925, kuma iskokinsa su ne Gwamna da Janar da Kofur da matar likita. Cikin kayan aikinsu akwai bindigogin katako da malafar Bature. A wani wuri a fim ɗin an fasa ƙwai a kan gunkin Gwamna, farin da gwaiduwar suka gangaro, sai Rouch ya yanko hoton Gwamnan gaske a fareti, da farar malafarsa mai tulin gashin tsuntsu yana zubowa daga ƙoƙuwa. Hukumar Gwalkwas ta hana nuna fim ɗin. Manazarta Afirka da yawa ma sun soke shi, kuma suna da hujjarsu, amma a matsayin shaida kan yadda talakan Zango ya karanta wannan hula, yana da wuya a sami kamarsa.

To idan aka sami malafar Bature a wani gida a Nima, me za a ce? Kada a yi gaggawar cewa ta sojan gidan ce. Kantunan Turawa irin su Kingsway sun sayar da ita ga kowa, kuma akawuna da malaman makaranta da 'yan safiyo da sarakunan gargajiya sun saye ta don ado da neman girma. Wata kuma kyauta ce daga maigida ga kukunsa ranar da zai hau jirgi. Ta gwamnati ana gane ta da tambarin da ke cikin zoben fatar da ke zagaye kai: kibiya mai ƙafa uku, sau da yawa tsakanin haruffan W da D, da lambar girman kai, da shekara. Ta hafsa kuwa, da yake da kuɗinsa yake saye, takan ɗauki sunan shagon tela, kamar Hawkes na titin Savile Row a Landan. A ƙoƙuwa akwai maɓallin iska da aka lulluɓe da yadi, ana iya kwance shi. Ƙarƙashin baki yawanci koren yadi ne, don sanyaya ido. Tsakanin zoben fata da jikin malafar akwai rata da aka bari don iska ta zaga. A waje kuma akwai naɗin yadi mai ninki-ninki wanda Turawa suka ara daga Indiya tare da sunansa, pagari, ma'anarsa rawani. Nauyi ma shaida ne: ta shola tana da kauri amma kamar ba a riƙe komai ba, ta ɓawo ta fi siranta da ƙarfi. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da ɓawo ya yi wuya, an yi wasu da matsattsen ulu. Yawancin waɗanda ake gani sababbi a yau daga Biyetnam suke, kuma 'yan damfara kan jiƙa su da shayi su tsufar da su. Zaren roba a ɗinki, ko fatar da ba ta taɓa shan gumi ba, sun isa su tona asiri.

Hular kwano, malafar daji da gammo

Fiye da mutum 60,000 na Gwalkwas ne suka yi soja a Yaƙin Duniya na Biyu. Sun yaƙi Italiyawa a Somaliya da Habasha a 1940 zuwa 1941, sa'an nan aka kwashe su zuwa Bama cikin manyan rundunoni biyu, ta 81 da ta 82, waɗanda aka kafa a 1943. Sunayen barikokin Ghana na yau suna riƙe da wannan tafiya: Burma Camp a Ankara, Myohaung a Takoradi, kamar yadda barikin Kamina na Tamale ke riƙe da yaƙin Togo.

A wannan yaƙi ne rabon huluna ya rushe, kuma larura ce ta rushe shi. Ɓaraguzan bam ba su san launin fata ba, don haka aka ba kowa hular kwano. Asalinta ƙirar John Brodie ce ta 1915, wadda aka gyara a 1938. Sunan da Hausawa suka ba ta ya fi kowane bayani, domin kwano ce aka kife, mai ɗan baki kewaye, nauyinta kimanin kilo ɗaya. Ita ce ta fi sauƙin tantancewa. A ƙarƙashin baki, kusa da maƙalin maɗaurin haɓa, akwai haruffan masana'anta da shekara a buge cikin ƙarfen: BMB na kamfanin Briggs da ke Dagenham, ko JSS na Joseph Sankey. Shafin ciki noti ɗaya ne ke riƙe da shi a tsakar ka, shi ma yana da nasa tambarin da shekara. Ta fagen daga da wani ƙarfe mai taurin gaske aka yi ta wanda maganaɗisu ba ya kamawa, don haka idan maganaɗisu ya manne a ƙoƙuwa, akwai alamar ta masu aikin agaji ce ko ta wani aiki na bayan fage. Idan aka ga 'yan huda uku a bakin baya, ƙirar Afirka ta Kudu ce, an yi hudar don rataya ƙyallen kare ƙeya.

A dajin Bama kuwa, abin da aka fi gani a hotuna shi ne malafar daji ta matsattsen ulu, mai laushi, wadda ake naɗe gefe ɗaya na bakinta sama. Hafsa da farabiti duk ita suke sawa. Turawa suka yini a rana da ita, ba wanda ƙwaƙwalwarsa ta narke, tsohon imanin likitoci ya mutu ba a yi masa zaman makoki ba. A 1948 sojan Ingila ya soke malafar Wolseley daga kayan aiki, aka bar ta ga 'yan bikin fareti kawai. A wannan shekarar ce kuma, ranar 28 ga Fabrairu, tsofaffin sojoji suka yi jerin gwano zuwa fadar Gwamna da ke Osu don kai kuka kan alkawuran da ba a cika musu ba. Sufuritandan 'yan sanda Colin Imray ya buɗe wuta, Saje Adjetey da Kofur Attipoe da Farabiti Odartey Lamptey suka faɗi. Tarzomar da ta biyo baya ita ce ta gaggauta tafiyar da ta kai ga 'yancin kai ranar 6 ga Maris 1957. Sojan sabuwar ƙasa ya ajiye dara, ya ɗauki hana-salla da hular ulu mai kwantawa gefe.

Akwai wani abin sawa a ka da ba ya cikin kundin kowane mai tara huluna, alhali dubban mutanenmu da shi suka yi yaƙin Bama. A tsaunukan Arakan da kwarin Kaladan babu hanyar mota, don haka aka kafa ƙungiyoyin sojoji 'yan dako waɗanda ke ɗaukar harsashi da abinci da sassan igwa a ka. Abin da ke tsakanin kansu da kayan shi ne gammo. Runduna ta 82 ta amince da haka har ta sa shi a tambarinta: māsu biyu a gicciye bisa gammo. Ta 81 kuwa gizo-gizo ta ɗauka, baƙi a kan rawaya, wato Ananse na tatsuniyoyin Akan, takwaran Gizo mijin Ƙoƙi. Wanda ya sami ɗan ƙyalle mai ɗayan waɗannan alamu a cikin adakar kakansa ya sami shaidar da ta fi malafa goma ƙarfi.

Wata hular kuma da za a iya cin karo da ita a Zango ba ta Ingila ba ce sam. Mosawa da Zabarmawa da Kotokoli da yawa daga ƙasashen Faransa suka zo, wasu bayan sun gama sojan Faransa, wasu kuma gudun kamun soja na dole ne ya kawo su. Jar hular sojan Faransa ta fi dara laushi, tana lanƙwashewa. Hular kwanonsu, ƙirar Adrian ta 1915, tana da tsiri kamar zankon zakara daga gaba zuwa baya, ta sojan mulkin mallaka kuma tana da alamar ƙugiyar jirgin ruwa a goshi.

Abin da ya rage a gidaje

Dalilin da ya sa malafar hafsa ta cika kasuwannin gwanjo na Turai, dara da hular Kilmarnock suka yi ƙaranci, a fili yake. Hafsa mallakarsa ce, ya saye ta tare da akwatin kwano da aka ƙera don ita, ya koma da ita ƙasa mai sanyi, ta kwana shekara tamanin a saman rufi. Ta soja kayan gwamnati ce, lissafinta yana sito. Wadda ta tsira ta fito bariki kuma ta ci gaba da aiki a kan mai ita, a gadin kanti ko dakon kasuwa, har ta mutu. Hular kwano ta zama mazubin ruwan kaji ko kaskon wuta. Sauran kuma laimar Ankara da gara da asu da ambaliyar babban kwatamin Nima sun gama da su. Wanda ke son ganin cikakkun kayan sai ya je gidan tarihin soja da ke tsohuwar ganuwar Turawa a Kumasi.

Saboda haka ɗalibin da zai yi bincike a Zango ya fi dogara da hoto da takarda. Hular da ke cikin hoto tana ba da zamani: dara da ƙafa ba takalmi na nuna kafin 1939 ko ranar fareti, malafar daji na nuna shekarun Bama. Lambar soja ta fi suna amfani, tun da mun ga yadda akawu ke raɗa suna. Wadda ta fara da GC ta Gwalkwas ce, NA kuma ta Nijeriya, kuma sojoji kan rubuta ta da tawada a cikin hula. Idan mai lambar ya rasu a yaƙi, ana iya neman sa da ita a rajistar hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen renon Ingila, wadda ke kula da maƙabartar Christiansborg a Osu da ta Taukkyan kusa da Rangun.

Hular da aka samu kada a wanke ta, kada a yi mata fenti, kada a goge tagullarta har ta yi ƙyalli, domin tambari da rubutun tawada su ne farkon abin da ke tafiya. A ɗauki hotonta ciki da waje, a rubuta sunan mai ita da garinsu da abin da tsofaffin gidan suka ji daga bakinsa, da Hausar da suka faɗe shi. A naɗe ta da farin yadin auduga maimakon leda, a ɗaga ta daga ƙasa. Wani lokaci akan ji ɗan tudu a cikin shafi, an ɗinke shi da zaren hannu wanda ya saɓa da ɗinkin masana'anta. Laya ce, irin wadda malaman Zango ke rubuta wa mai tafiya yaƙi. A rubuta girmanta da inda take, a bar ta a ɗinke, sai fa in masu gidan ne da kansu suka ce a buɗe.